Wa Ya Haɗa Su Faɗa? Tsofaffin 'Yan Wasa Mata a Wasan Feud da Wasannin Hausa

Gabatarwa

A watan Fabrairu na 2022, Hajiya Ladin Cima, ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan wasan kwaikwayon Hausa, ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa ladan da akan ba ta a fim bai wuce Naira 2,000 zuwa 5,000 ba. Wasu masu shirya finafinai suka musanta, aka yi ta cacar baki. A ganinmu an bar jaki ana dukan taiki, domin muhawarar ta tsaya a kan kuɗi, ba a tambayi irin matsayin da marubuta suke tanadar wa mace idan ta manyanta ba. Manufar wannan sharhi ita ce duba wannan tambaya ta hanyar nazarin wani wasan talabijin na Amurka mai suna Feud, wato gaba.

Jigon Wasan

An nuna kashin farko na wasan a tashar FX a 2017, cikin fitowa 8, ƙarƙashin jagorancin Ryan Murphy. Labarin wasu shahararrun 'yan wasa biyu ne na Holiwud, Joan Crawford da Bette Davis, waɗanda Jessica Lange da Susan Sarandon suka fito a matsayinsu. Dukkansu sun taɓa cin lambar yabo ta Oscar, amma da suka haura shekara 50 sai kamfanoni suka juya musu baya. A 1962 suka haɗu a fim ɗin What Ever Happened to Baby Jane?, labarin ya da ƙanwa da suka tsufa a gida ɗaya cikin ƙiyayya. Fim ɗin ya karɓu, amma gaba ta tsananta. A bikin Oscar na 1963 sunan Davis kaɗai ya shiga takara. Da Anne Bancroft ta ci, Crawford ce ta hau dandali ta karɓar mata.

Mai kallo Bahaushe zai yi saurin cewa ai kishi kumallon mata ne. To amma wasan ya nuna cewa ruwa ba ya tsami banza. Mai kamfani Jack Warner da darakta Robert Aldrich da 'yar jarida Hedda Hopper su ne suke rura wutar, saboda faɗan matan talla ce ga fim ɗin. Gurbin da ya rage wa tsohuwa ƙalilan ne, don haka kowace take ganin 'yar'uwarta a matsayin mai ƙwace mata abinci. Babban jigon wasan ke nan, kuma nan ƙarfinsa yake.

Raunin wasan kuwa shi ne cakuɗa tarihi da ƙirƙira. Olivia de Havilland, wadda aka nuna tana ba da labarin matan biyu, ta kai ƙara a 2017 cewa an sa mata maganar da ba ta faɗa ba, kodayake kotun ɗaukaka ƙara ta Kalifoniya ta kori ƙarar a 2018. Haka kuma, wasan da yake sukar masu cin riba da faɗan mata, shi ma da faɗan ya jawo masu kallo.

Abin da Ya Shafe Mu

Tun daga Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sun fi jingina a kan soyayyar matasa. Da zarar 'yar wasa ta wuce fitowa a budurwa, abin da ya rage mata shi ne uwa mai nasiha, ko uwar miji mai tsangwamar suruka, ko dillaliya, ko mai bin bokaye. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wato Daso, wadda ta rasu a 2024, ta ƙware ƙwarai, amma mafi yawan abin da aka san ta da shi fitowar muguwar mace ce. Wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24, waɗanda ake kallo a gidajenmu nan Jalingo, sun ɗan faɗaɗa fage, sai dai da wuya a ga labarin da dattijuwa ce tauraruwarsa. Wadda aka kira don fitowa biyu ko uku kuwa, ladan fitowa biyu ko uku za a ba ta. Ashe matsalar da Ladin Cima ta koka a kanta tun daga kan takarda ta faro.

Kammalawa

Kiranmu ga ɗalibai masu sha'awar rubutun wasan kwaikwayo shi ne su dubi matan da ke kewaye da su: ungozoma, da 'yar kasuwar da ta aurar da 'ya'ya da guminta, da malamar makarantar da ta yi ritaya tana jiran fansho. Kowace tana da buri da nadama da sirri, waɗanda su ne kayan gina tauraro. Idan aka rubuta irin waɗannan labarai, tsofaffin 'yan wasanmu za su sami aikin da ya dace da ƙwarewarsu, su kuma sami bakin neman lada mai tsoka. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.