Gwarzon Shekara a Finafinai Masu Dogon Zango: Wa Ke Ƙirga Ɗan Kallon Roni da Gwiwa?

Da shekara ta zo ƙarshe, gardamar takan tashi a majalisu da teburin mai shayi da shafukan Facebook: wane fim mai dogon zango ne ya ciri tuta bana? Wannan ya ce Labarina, wancan ya rantse da Izzar So, wani ya kawo Manyan Mata ko Gidan Sarauta. Idan musu ya yi zafi, sai wani ya zaro waya ya buɗe YouTube ya nuna adadin waɗanda suka kalla, shi ke nan an kashe bakin kowa. Wannan hujja ce nake so mu tsaya mu duba, domin a ganina ita ce ke karkatar da hukuncinmu, kuma ita ce ke karkatar da alƙalamin marubutan finafinan su kansu. Wanda ya san yadda ake kallo a Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa ya san akwai ɗimbin jama'a da wannan lissafi bai taɓa ƙirga su ba.

Shiri mai ci gaba mako-mako ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kafin a san wani abu wai shi Kannywood, Usman Baba Pategi yana yin Samanja a Kaduna, Ƙasimu Yero yana cin zamaninsa, Karkuzu yana nasa a Jos, gidan talabijin na CTV a Kano, wanda yanzu ake kira ARTV, yana fitar da wasanninsa. A lokacin akwatin talabijin ɗaya kan ishi unguwa guda, yara a tabarma, manya a benci. Daga 1990, da fitowar Turmin Danya, sai harka ta koma ta kaset, daga baya ta faifan CD, labari ya zama na awa biyu ko uku, a raba shi kashi na ɗaya da na biyu a kai kasuwa. Satar fasaha da wayar hannu suka durƙusar da wannan ciniki. Ana cikin haka tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta zo da Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in a 2019. Shekarar 2020, da annobar korona ta zaunar da mutane a gida, ita ce ta kammala juyin: a shekarar Aminu Saira ya fito da Labarina, Lawan Ahmad ya fito da Izzar So a YouTube, masu shirya fim suka ga inda kasuwa ta koma, kowa ya bi.

To yaya wannan kaya yake isowa arewa maso yammacin Jigawa? A cikin garin Kazaure, inda akwai ma'aikata da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, za ka sami masu dish a gida da masu sayen data su kalla kai tsaye. Amma da ka bar bakin titin Kano zuwa Daura ka nausa ƙauyukan Roni ko Gwiwa, ko ka bi ta Ɓaɓura wajen iyakar Nijar, hanyar kallo ta sauya. Wutar lantarki ba ta da tabbas, man janareta ya yi tsada tun da aka janye tallafi a 2023, kuɗin data kuma ya ƙaru da aka amince wa kamfanonin waya su yi ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Abin da ya rage shi ne shagon mai caji da turi. Mutum ɗaya ya sauke sabuwar fitowa daga intanet, ya zuba a kwamfuta, ranar kasuwa a yi ta miƙo masa memori da waya yana turawa a kan 'yan kuɗi kaɗan. Wanda aka tura wa ya je gida ya tura wa ƙanensa, ƙanen ya tura wa abokinsa. Da daddare matan gida su kewaye waya ɗaya, amarya da uwargida da 'yan mata, a kalla a yi sharhi. A wurin YouTube duk wannan taro mutum ɗaya ne, wato wanda ya sauke fim ɗin tun farko.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, ai sun kalla sun more. Damuwar ita ce mai shirya fim yana rubutu ne don wanda ke biyansa. Kuɗin YouTube daga talla yake fitowa, kuma kallo ɗaya daga Saudiyya ko Ingila ko Amurka ya fi kallo ɗaya daga Najeriya kawo kuɗi. Tsawon fitowa yana ba da damar cusa talla da yawa, yawan fitowa yana tabbatar da shigar kuɗi kowane mako. Sai kuma 'yan kasuwar da ke ɗaukar nauyi, masu sayar da filaye da magungunan gargajiya da kayan kwalliya, waɗanda ke son a nuna hajarsu ga mai abin saye. Duk wanda ya haɗa waɗannan zai gane dalilin da ya sa finafinanmu suka cika da falo mai kujerun alfarma da manyan motoci da kamfanin da ba a taɓa ganin abin da yake sarrafawa ba, zai kuma gane dalilin da ya sa labarin da ya kamata ya ƙare a fitowa ashirin yake kaiwa ɗari. Ba na zargin kowa da mugun nufi. Mai fim yana da 'yan wasa da masu kyamara da zai sallama, kuma mai turi a ƙauye ba ya aiko masa da ko sisi. Amma sakamakon a fili yake: an bar mafi yawan 'yan kallo a bakin ƙofa suna leƙen rayuwar da ba tasu ba.

Izzar So shi ne misali mafi bayyana na ƙarfin wannan kasuwa da kuma cutarta. Farkonsa yana da daɗi: Umar Hashim, talaka mai gaskiya da riƙon addini, a gaban Hajiya Nafisa mai izza da taƙama da dukiyar gidansu. Jama'a sun so shi don sun ga mutunci yana tsayawa a gaban kuɗi bai rusuna ba, kuma marigayi Nura Mustapha Waye, wanda ya ba da umarninsa har zuwa rasuwarsa a 2022, ya san yadda ake riƙe zuciyar mai kallo. Sai dai da fim ɗin ya haura fitowa ɗari, makirci ya riƙa haihuwar makirci, nasiha ta riƙa tsayar da labari cak, har mutum ya kan tsallake makonni ya dawo ya tarar ba a gusa ba.

Labarina ya fi shi gwaninta ta fuskar sana'a, wannan ba abin musu ba ne. Hoto, sauti, haske, zaɓen wurin ɗauka, yadda ake katse fitowa a daidai inda rai ke son ci gaba, duk Aminu Saira ya ɗaga matsayinsu, har sauran masu shiryawa suka ji kunyar fitar da aikin ganin dama. Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu ya nuna abin da gogaggen ɗan wasa zai iya yi da hali mai sarƙaƙiya, mutumin da kake jin haushinsa kana kuma ɗokin fitowarsa. Amma shi ma tsawo ya ci shi. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin, aka miƙa matsayinta na Sumayya ga Fati Washa, zaren ya yi rauni, daga baya aka ajiye labarin aka ɗauko wani sabo a ƙarƙashin tsohon suna, na Mainasara, attajirin da ya ɓad da kama ya shiga rigar talauci don neman mai sonsa tsakani da Allah. Sadiq Sani Sadiq ya yi wasa mai kyau a ciki. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda talauci ya zama riga da mai kuɗi ke sawa ya cire. Ga manomin da ke Gwiwa wanda damina ta yi masa gardama, talauci ba jarrabawar soyayya ba ce.

Kwana Casa'in, a zangunansa na farko, shi ne rubutu mafi ƙarfi da na gani a wannan fage. Jihar Alfawa ƙirƙirarriya ce, amma duk wanda ya taɓa ganin kakar zaɓe a ƙaramar hukumarsa ya gane ta: gwamna Bawa Maikada, wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, da 'yan korensa, da asibitin da babu magani, da ɗan jaridar da ake son saye ko a tsorata, da malamin makarantar da aka ɗora wa takara. Sunan shirin kansa alƙawari ne na iyaka, kwana casa'in, kuma wannan iyaka ita ta ba zangon farko kuzarinsa, kowace fitowa tana matsar da kai kusa da ranar ƙuri'a. Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, wanda Nazir Adam Salih ya rubuta, ya bi ta hanyar dariya ya taɓo abin da kowane gida ya sani, wato tsoho mai dukiya da tarin 'ya'yan da ke ƙirga kwanakinsa saboda gado.

Idan aka matsa mini in zaɓi guda, ba na shekara ɗaya ba har na duk wannan zamani, Daɗin Kowa zan ɗauka, duk da na san shi ma ya daɗe har ya gaji a wasu wurare. Dalilina shi ne mutanensa. Malam Nata'ala da almajiransa da rigingimun gidansa, Kamaye da Adama da faɗansu na yau da gobe, mai shayi, mai gadi, 'yan gudun hijirar da rikicin arewa maso gabas ya koro, maƙwabta Kirista da ake zaman lafiya da saɓani da su kamar kowa, matasan da ƙwaya ta lalata. Waɗannan mutane ana iya cin karo da su a kowace kasuwa tsakanin Kazaure da Ɗambatta. Gidajensu na ƙasa ne ko na bulo marar fenti, tufafinsu irin namu, matsalarsu kuɗin cefane da kuɗin magani. Shirin ya ci lambar yabo ta AMVCA a 2016, amma abin da ya fi lambar shi ne yadda sunayen 'yan wasansa na fim suka danne sunayensu na yanka a bakin jama'a. Ba kuma abin mamaki ba ne cewa tashar talabijin ce ta haife shi, mai ma'aikatan rubutu da tsarin aiki, ba ƙirgen kallo na mako-mako ba.

Akwai wani abu da ke ci mini rai a yawancin sauran, shi ne siffar da ake ba ƙauye. Baƙauye a fim ɗinmu ko dai abin dariya ne mai baki a buɗe da hula a karkace, ko kuwa abin tausayi da ke jiran wani Alhaji daga birni ya zo ya aure 'yarsa. Harshen da ake sa masa ma na roba ne, wata karyayyar Hausa da ba a yin ta a kowane gari. Alhali mutanen wannan yanki suna da maganarsu mai daɗi, wadda ta fi karkata wajen Daura fiye da cikin birnin Kano, ga Fulani da nasu salon, ga tsofaffi masu zance da azanci. Yarinya a Roni da ke kallon waɗannan finafinai kullum tana koyon darasi guda, cewa rayuwa ta gaske tana can wani wuri, kuma hanyar zuwa can aure ne. Wannan ya fi damuna fiye da rawa da waƙar da aka saba yin ƙorafi a kai.

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Garwashi da Jamilun Jidda, bisa cewa ana sakin su ba tare da an kawo an tace ba. Hukuma tana da hurumin ta nemi a bi dokarta. Sai dai tacewa tana iya cire abin da bai dace ba ne kawai, ba ta iya sa abin da babu. Ba za ta sa marubuci ya san ƙarshen labarinsa kafin ya fara ba, ba kuma za ta tura shi ƙauye ya zauna ya saurari mutane ba.

Labaran kuwa suna nan jibge. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Duk mutumin Ɓaɓura ya san abin da wannan ya yi wa ɗan kasuwa da direba da gidan da rabin danginsa ke tsallaken iyaka, inda zuwa biki ko gaisuwar mutuwa ya zama abin lissafi. Ga 'yan cin rani da ke barin ƙauyukan Gwiwa da Roni bayan girbi su nufi Kano da Abuja da Legas, su bar mata da tsofaffi da riƙon gida wata da watanni. Abin da ke faruwa a waɗannan gidaje kafin saukar ruwan fari ya ishi zango uku ba tare da an ƙirƙiro mugun kawu ko wasiyyar bogi ba. Ga masu noman rani da masunta a bakin dam ɗin Kazaure, ga zaman manomi da makiyayi da yadda dagaci da hakimi ke sasanta shi ko su kasa, ga ɗalibar da ta zo kwaleji daga ƙauye ita ce ta farko a gidansu. Ga shi kansa mai turin, saurayin da ya haɗa faranti biyu na sola da tsohuwar kwamfuta ya zama shi ne sinimar gari, ya san abin da kowane gida ke kallo, ya san wanda miji ya hana a tura wa matarsa.

Ɗaukar irin wannan fim bai kai tsadar hayar katafaren gida a Nasarawa ta Kano ba. Duwatsun Kazaure da Roni suna nan kyauta, kasuwanni suna ci, masu iya wasa ba su ƙare ba a makarantu da ƙungiyoyin matasa. Abin da zai yi wuya shi ne kuɗin farawa, da kuma hanyar da kuɗin mai kallo na ƙauye zai koma hannun mai fim. A nan ina ganin masu shiryawa sun yi sakaci da suka ɗauki masu turi a matsayin ɓarayi kawai. Suna da ƙungiyoyinsu a garuruwa da yawa, kuma su ne kaɗai ke da hanyar isa ga wanda ba shi da data. Yarjejeniyar da za ta ba su fitowa da wuri a kan wani kaso da za su riƙa mayarwa za ta kawo wa mai fim kuɗin da yanzu ba ya gani ko kaɗan, ta kuma ba shi alƙaluman da za su gaya masa mutum nawa ne ke kallonsa a Gwiwa, da abin da suke so a ba su labari a kai.