Jinjina ga kanikawan ƙananan taraktoci

Duk manomin lambu da ya tara kuɗin shekaru zai sayi ƙaramar tarakta ta hannu, ba shi da gata kamar makanikin da zai raka shi wurin ciniki. Sabon fenti ba ya ruɗar wannan bawan Allah. Da sassafe yake zuwa, ya dafa inji ya ji da sanyinsa, don mai sayarwa kan ɗumama inji ya ɓoye wahalar tashi. Sai ya zuba wa hayaƙi ido: shuɗi na nufin inji na shan baƙin mai, fari mai yawa kuwa wataƙila ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Ya zaro sandar mai ya murza a yatsa, ko zai ji ɓurɓushin ƙarfe.

Amma inda na fi sara musu shi ne bayan tarakta, wurin ɗaura garma. Wannan maɗauri mai hannu uku Harry Ferguson, mutumin Ireland, ya ƙirƙiro shi, ya bazu daga 1939 da taraktar Ford 9N. Makaniki zai ɗaga garma sama, ya kashe inji, ya tsaya yana kallo. In ta soma sauka da kanta, mai na yoyo a ciki, kuma farashi ya sauka ke nan. Ya auna ramukan fil, domin na ƙaramar tarakta sun fi na babba ƙanƙanta. In ba su dace da fil ɗin garma ba, ya nemo zoben cikewa, bai yarda a lafta walda a wuce ba.