Kukan da waƙa ke yi wa samarin Mpape

Idan magariba ta wuce a Mpape da ke Abuja, ƙurar fasa dutse ta lafa, je ka zauna teburin mai shayi ko inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja, ka kasa kunne. Abin da ke tashi daga wayoyin samarin nan waƙar soyayya ce, kuma sau da yawa ta rabuwa ce. Da dama cikinsu sun baro Katsina ko Zamfara neman kuɗin aure. Wani yana nan yana tara kuɗin, sai waya ta iske shi cewa an ɗaura wa yarinyar aure da wani.

Bahaushe bai yarda namiji ya zubar da hawaye a bainar jama'a ba. A ganina wannan ne sirrin karɓuwar Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Hamisu Breaker: suna yi wa saurayi kukan da kunya ta hana shi yi. Ba gadon Narambaɗa ko Shata ba ne wannan salon, don su yabo ne turkensu. Ya biyo ta finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a silimun Kano, da littattafan soyayya irin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sannan fim ɗin Hausa ya ɗora shi a kan fiyano.

Mutanen Meziko suna da irin nasu, ranchera. A can wanda aka yaudara mashaya yake nufa, ya sha barasa, ya kurma ihu a tsakiyar kiɗa. Gwanin wannan fage, José Alfredo Jiménez, ciwon hanta ne ya kashe shi a 1973 yana da shekara 47. Tamu waƙar kuwa ga ƙaddara take kai mutum. Za a yi ƙorafi, a ambaci rashin barci da ƙin cin abinci, daga ƙarshe a dawo ga haƙuri da cewa matar mutum kabarinsa. Na yarda da wannan magani, don na ga ya tsayar da yaron da ke shirin lalacewa ya koma bakin aikinsa.

Abin da ke damuna shi ne wanda ake ɗora wa laifi. Kusan kullum mace ce mayaudariya, mai kwaɗayin kuɗi, wadda ta ga mota ta manta alkawari. Ina waƙar wadda aka saka da goyo a baya? Ina ta wadda iyaye suka tilasta, aka kuma zage ta a waƙa? Mata na rerawa a situdiyo, amma baitin da ke bakinsu galibi namiji ne ya tsara shi.

A Meziko, mawaƙiya Paquita la del Barrio ta shafe shekaru tana mayar wa maza martani kai tsaye. Mu kuma mun yi Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Da ƙwaryar amada ta yi wa mata zancen kishiya da halin maza, ta ce su tashi su kama sana'a. Zawarawan da ke tuyar awara da ƙosai a bakin titin Mpape da wannan shawara suke warkewa, kuma har yau ban ji wani mawaƙin fiyano ya yi musu waƙa tasu ba.