Bodi Kafin Inji: Nazari Kan Zaɓen Motar Da Za A Dasa Wa V8 A Amurka

A shekarar 1932 kamfanin Ford ya fito da injin V8 mai araha, silinda huɗu a wannan ɓangare, huɗu a wancan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu injunan sun yi yawa a wuraren jibge matattun motoci. Samarin kudancin Kalifoniya da suka baro aikin soja da ɗan ilimin kanikanci suka riƙa tsintar su suna dasawa a tsofaffin motoci marasa nauyi, su nufi busassun tafkuna irin su El Mirage su gwada gudu. Harkar hot rod ke nan, wadda ta kai ga samun mujallarta a 1948. A lokacin ba a ɓata dare kan wace mota za a ɗauka. Wadda aljihu ya kai, ita ce.

Yau wanda ke marmarin rugugin V8 da giyar hannu ba inji ne matsalarsa ba. Ƙaramin V8 na Chevrolet da ya fito a 1955 an ƙera miliyoyinsa, har gobe ana sayar da sabo dal a akwati. Bodi ne ke cinye kuɗin mutum da shekarunsa, shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa ka sayi bodin da ya fi lafiya, ko da babu inji a ciki. Jihohin arewa irin su Mishigan da Ohayo suna watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa yana cin mota ta ƙasa. Motar Arizona fentinta ya ƙone, kujerunta sun tsage, amma ƙarfenta garau. Mai saye da ya san hannunsa yakan zo da mayen ƙarfe a naɗe cikin ƙyalle, yana bin gindin ƙofofi da bayan tayoyi. Inda ya ƙi kamawa, ciko aka yi aka shafe da fenti. Idan Mustang ce ta 1965 ko 1966, sai ya tuttula ruwa a ramukan iskan da ke gaban gilashi. Idan ruwan ya ɗigo wajen ƙafar direba, to wurin ya ruɓe daga ciki, gyaransa kuma sai an cire gilashi an ɓalle ɗimbin ɗigon walda ɗaya bayan ɗaya.

Ƙirar motar ma tana da magana. Chevelle ta 1964 zuwa 1972 da akori-kurar C10 bodinsu a ɗaure yake kan shasi daban, ana iya ɗage shi gefe a yi aiki a sarari. Mustang kuwa bodi da shasi abu guda ne, tsatsa ta kama ƙasa ta kama ƙashin motar. Akwai kuma tarkon da sababbin shiga ke yawan faɗawa: su sayi Mustang ta farko mai silinda shida saboda sauƙin kuɗi, su manta cewa tayarta noti huɗu ce, birkinta ƙarami, aksil ɗin baya ba zai ɗauki bugun V8 ba. Kafin a canza waɗannan, araha ta zama tsada.

Sai giya, inda hasashe ke yawan rushewa. Da yawa daga motocin wancan zamani otomatik ne. Mayar da su na hannu yana nufin nemo fedar kulochi da duk abin da ke haɗa ta da inji, a huda ƙasan mota, a sake ƙarfen da giyabos ke zaune a kai, a rage ko a ƙara tsawon farfela. Tsohuwar giyabos ta Muncie mai giya huɗu tana shiga motocin Chevrolet ba gardama, sai dai a babban titi inji ya yi ta ihu don babu giyar hutawa. Tremec mai giya shida tana magance wannan, amma ƙatuwa ce, sau da yawa sai an yanka ƙasan motar an faɗaɗa. Saboda haka ne kamfanin Tremec ya fito da TKX mai giya biyar a 2020, siririya. A ganina giyabos ya kamata a fara yanke shawara a kai, sannan a nemo motar da za ta haɗiye shi. Doka ma ta sa baki: a Kalifoniya motar 1975 zuwa baya ba ta zuwa gwajin hayaƙi, ta 1976 kuwa dole ne, don haka shekara ɗaya tak tana raba farashi.

Duk wannan hikima ce, amma ga inda ta kai al'adar. Tunda kowa na gudun motar da ba a samun kayanta, kowa ya ruga kan 'yan ƙalilan ɗin da kamfanoni ke sake ƙera musu komai. Camaro ta 1969 ta kai har kamfanin Dynacorn na sayar da sabon bodinta cikakke. Gwanjon Barrett-Jackson da ake nunawa a talabijin ya ƙara hura farashi. Sai ka je taron nuna motoci ka tarar da layin Camaro da Chevelle kamar 'yan makaranta a fareti, inji iri ɗaya, tayoyi iri ɗaya. Aikin yana da kyau, ba a musu. Amma zaɓin ba na mai motar ba ne, littafin odar kayan gyara ne ya yi masa.

Masu kishin tarihi suna ƙorafin ana lalata motoci na asali, kuma suna da gaskiya idan motar har yanzu tana ɗauke da injin da ta baro masana'anta da shi. Irin wannan a bar ta yadda take. Amma Nova mai ƙofa huɗu ta 1968 zuwa 1974, wadda gabanta kusan ɗaya yake da na Camaro ta farko, babu tarihin da za a ɓata idan an dasa mata ƙaramin V8 na Chevrolet. Haka Mustang ta 1979 zuwa 1993, mara nauyi, wadda yawancin shekarunta ana samunta da V8 mai lita 5.0, daga 1983 kuma har da giyar hannu biyar daga kamfani. Waɗannan da manyan masu kuɗi suka daɗe suna rainawa su ne suka fi kusa da abin da samarin El Mirage suka yi. Ita ma Mustang ɗin dillalai sun gano ta, farashin mai lafiya a cikinsu ya riga ya tashi.