3.2 Wasan Kai Tsaye na BBC, 1954

A ranar 12 ga Disamba, 1954, gidan talabijin na BBC ya nuna wasan da Nigel Kneale ya tsara daga littafin George Orwell, Nineteen Eighty-Four. Kai tsaye aka yi shi, wato 'yan wasa na yi, jama'a na kallo a gidajensu. An sake yin sa ranar 16 ga watan, kuma na biyun ne aka ɗauka a fim.

A ra'ayin wannan bincike, rashin damar gyara ya ƙarfafa jigon. Winston Smith mutum ne da na'urar bango ke sa wa ido dare da rana. Haka Peter Cushing, wanda ya fito a matsayinsa, yake gaban kyamara: in ya yi tuntuɓe, kowa ya gani. Azabtarwar da aka nuna ta girgiza masu kallo, har batun ya kai majalisar dokokin Birtaniya.

Sai dai inda aka saka gutsattsarin fim da aka ɗauka tun farko, domin a sami sararin canja fage, ƙuncin yakan sassauta, mai kallo ya numfasa, alhali Orwell bai ba Winston irin wannan sarari ba.