Lauyar da ke Ƙirga Gidaje Kafin a Karɓi Mabuɗi

A Ingila da Ireland ta Arewa, wanda ya sayi gida kwana 14 kacal yake da su daga ranar da aka kammala ciniki ya sanar da hukumar haraji ta HMRC, ya kuma biya harajin da ke kan sayen. Harajin ya daɗe a duniya. Tun 1694 gwamnati ta fara buga hatimi a takardun yarjejeniya tana karɓar kuɗi don yaƙinta da Faransa, sai a 2003 aka sake masa fasali ya koma haraji a kan cinikin kansa. Mai saye ba kasafai yake cika takardar da hannunsa ba. Aikin lauya ne mai kula da cinikin gidaje, kuma a cikin wannan aikin akwai wani lungu da ke burge ni ƙwarai: yadda gwanar lauya ke gane ko mai saye zai biya ƙarin da aka ɗora wa masu gida fiye da ɗaya, ko ba zai biya ba.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Tana kasa kuɗin gidan kashi-kashi kamar yadda mahauci ke kasa nama a kan faifai, kowane kashi da farashinsa. Bisa ƙa'idar da ta fara aiki ranar 1 ga Afrilu 2025, fam 125,000 na farko babu haraji a kansu. Daga nan zuwa 250,000 kashi 2 cikin ɗari, daga nan zuwa 925,000 kashi 5, sannan 10, sannan 12 ga abin da ya haura miliyan ɗaya da rabi. Gidan fam 400,000 ke nan harajinsa fam 10,000. Amma tun 1 ga Afrilu 2016, zamanin da George Osborne ke riƙe da baitulmali, aka ƙara kashi 3 a kan kowane kashi ga mai sayen ƙarin gida, Rachel Reeves kuma, da baitulmalin ya zo hannunta, ta ɗaga shi zuwa 5 daga 31 ga Oktoba 2024. Da wannan ƙarin, gidan nan na fam 400,000 harajinsa ya zama 30,000. Tsakanin amsa biyu akwai fam 20,000, kuma na'urar lissafin da ke intanet ba ta san wacce ce taka ba. Abin da ka faɗa mata shi take ninkawa.

Saboda haka kafin ta taɓa na'urar, gwana takan jawo takarda da biro ta fara tambaya. A ce likita ne da matarsa a Manchester, za su bar ƙaramin gidansu su koma babba. Ba ta tsayawa a kan "kana da wani gida?", don mutum yakan ce a'a da zuciya ɗaya alhali ya manta. Takan bi shi daki-daki. Akwai wanda ka ba haya? Akwai wanda sunanka ke takardarsa tare da na ɗan'uwanka? Uwargida fa, tana da nata? Doka tana ɗaukar miji da mata tamkar mutum ɗaya muddin ba su rabu ba, ko da sunan ɗayansu bai shiga sabon cinikin ba. Gidan da aka rubuta da sunan yaron da bai kai shekara 18 ba, na iyayensa ne a idon wannan doka. In kuma mutum biyu suka haɗa kuɗi suka saya, ƙarin ya hau kan ɗaya, to ya hau kan cinikin baki ɗaya.

Sai ta yi tambayar da ta fi shafar mutanenmu mazauna can: a gida fa? Dokar ba ta tsaya a iyakar Birtaniya ba, ko'ina gidan yake a duniya ana ƙirga shi. Wanda ya gina a Kano ko Abuja ko Maraɗi yana cikin lissafi, in dai darajar abin da ya mallaka ta kai fam 40,000 a ranar ciniki. A nan takan sassauta murya ta zauna sosai, domin amsar ba ta fitowa a jimla ɗaya. Fili ne kawai da aka kewaye, ko gini ya tashi? Filin da babu komai a kansa ba gidan zama ba ne, amma wanda ake cikin ginawa yana iya shiga. Gidan gado ne? To ku nawa ne magada, kuma rabonka nawa? Rabon shi kaɗai ake yi wa kuɗi, a bar sauran gidan. Idan rabon bai wuce rabi ba kuma an gaje shi cikin shekara uku kafin sabon sayen, doka ta ce a kau da kai daga gare shi. Takan nemi a samo mata ƙimar gidan a rubuce daga wanda ya san kasuwar wurin, ta juya naira ko sefa zuwa fam da canjin ranar, ta ajiye takardar a fayil. Wanda bai damu ba zai ce ai Landan ba ta ganin Kano. Ita ta san sa hannun mai saye ne a ƙasan takardar, kuma in gaskiya ta fito daga baya shi zai biya da ruwa da tara.

Duk wannan ƙirgar share fage ce. Abin da ke yanke hukunci shi ne wane gida ne ya fita daga hannu. Mutum yana iya mallakar gidajen haya goma, ya sayar da wanda yake kwana a ciki, ya sayi wani don ya koma, kuma ba zai biya ƙarin ba, saboda musanya mazauni ya yi. Wani kuma gidan haya ɗaya tak ya mallaka, shi kansa a haya yake zaune, ranar da ya tashi sayen gidan da zai zauna sai ƙarin ya hau kansa, domin babu mazaunin da ya sayar. Ni dai ina ganin wannan na biyun bai samu adalci ba. Amma haka dokar take, kuma lauyar kirki takan gaya masa tun kafin ya kammala maganar bashi da banki, saboda ya san kuɗin da zai tanada.

Wane gida ne mazauni? Mutum ba shi da ikon nuna wanda ya ga dama. Ana duba rayuwarsa ne: inda iyali ke kwana, makarantar da yara ke zuwa, asibitin unguwar da aka yi rajista, inda aka rubuta suna don zaɓe, inda wasiƙun banki ke sauka. Gwana takan tara waɗannan shaidu tun ba a tambaye ta ba, takardar harajin ƙaramar hukuma a nan, ta wuta da gas a can, ta jera su bisa kwanan wata. Takan kuma tabbatar an rabu da tsohon gidan gaba ɗaya. Mayar da shi sunan uwargida ba ya fitar da mutum.

Daga nan sai kalanda. Takan ja layi a takarda, ta sa ranar kammala sabon sayen a tsakiya, ta auna shekara uku baya da shekara uku gaba. Idan an sayar da tsohon mazaunin a cikin ukun baya, kuma an zauna a cikinsa a wani lokaci cikin waɗannan shekarun, babu ƙari. Abin da doka ke dubawa shi ne abin da mutum ya mallaka a ƙarshen ranar ciniki, shi ya sa ake ƙoƙarin haɗa sayarwa da saye a rana ɗaya. Ranar nan lauyar tana gaban kwamfuta da waya a kunne tun safe. Kuɗin wanda ya sayi tsohon gidan su shigo asusun ofishinta, ta biya bankin da ke bin bashi, ta haɗa ragowar da sabon bashin ta tura wa lauyan mai sayarwa, sannan a bugo wa dillali a ce ya saki mabuɗi. Sau da yawa motar kaya tana tsaye a ƙofar sabon gidan da yara a ciki suna jira. In kuɗin suka makale, sayarwar ta kwana amma sayen ya wuce, to mutum ya kwana da gida biyu, kuma ƙarin ya tabbata.

Ko a nan ba ta tashi daga kan aikin. Ana biyan ƙarin cikin kwana 14 ɗin, a karɓi takardar shaidar da sai da ita ofishin rajistar filaye zai rubuta sunan sabon mai gida. Sannan, da yake ana mayar da ƙarin in an sayar da tsohon gidan daga baya, ta rubuta wa mai sayen ranaku biyu. Ta farko ranar da shekara uku za su cika, wadda dole a sayar da tsohon gidan kafin ta. Ta biyu wa'adin neman a mayar da kuɗi: wata 12 daga ranar sayarwa, ko wata 12 daga ranar ƙarshe ta miƙa rahoton sayen, duk wadda ta fi nisa. HMRC ba ta aiko da kuɗin da kanta, sai an nema, da lambar cinikin da adireshin tsohon gidan da ranar da aka sayar da sunan wanda ya saya. Rago ya rufe fayil tun ranar mabuɗi. Ita kuwa ta sa ranakun a kundin ofis, kuma in watanni suka ja ba ta ji labari ba takan ɗauki waya ta tambaya ko an samu mai saye.

Abu ɗaya takan duba tun a shafin farko, wato inda sabon gidan yake. Scotland tana da nata harajin tun 2015, ƙarinta kuma ya kai kashi 8 tun Disamba 2024, Wales ma ta kama nata a 2018. In gidan yana Glasgow ko Cardiff, sai ta ajiye wannan ma'aunin ta ɗauko na can, ta sake tambayoyin daga farko.