Jadawali Yana Ba Da Aya, Ba Ya Ba Da Wa'azi: Sharhi a Kan Wa'azin Lahadi a Ƙasar Bagudo

A daminar 2024 na zaga ƙasar Bagudo don duba ɗalibanmu da ke aikin koyo a ƙananan ikilisiyoyi, daga Bagudo zuwa Kaoje, Illo da Tsamiya, bakin iyakar Jamhuriyar Benin. Na zauna a benci na saurari wa'azi. Abin da na ji ne ya sa na rubuta wannan sharhi, ba don in kunyata kowa ba, domin kuskuren da na gani ni ma na sha yinsa.

Mene ne jadawalin karatu?

Shi ne tsarin da ke nuna sassan Littafi Mai Tsarki da za a karanta kowace Lahadi, daga lokacin jiran zuwan Almasihu, zuwa Kirsimeti, azumin kwana arba'in, Ista, Fentikos, har ƙarshen shekarar ikilisiya. Ikilisiyar Katolika ta fito da tsarin shekara uku a 1969, wasu ɗarikun suka gina nasu a kansa, aka wallafa shi a 1992. Shekara ta farko ana bin Matiyu, ta biyu Markus, ta uku Luka, ana kuma saka Yohanna a tsakani. Katolika da Angalika sun saba da jadawali. Yawancinmu masu bin jigon shekara ba mu saba ba, wasu ma suna ganin ɗaure Ruhu ne.

Kuskure na farko: fasto ne ke zaɓar wa kansa aya

Inda babu jadawali, na tarar da wa'azi yana zagaye wuri ɗaya kamar akuya a turke: Malakai 3, Zabura 91, sai wata aya a kan albarka. Idan rufin majami'a yana yoyo, zakka ce jigo. Idan fasto ya saɓa da wani dattijo, ranar Lahadi kowa zai san da wa ake. Jama'a za su shekara goma ba su ji Amos ko Makoki ba. Amfanin jadawali shi ne yana ƙwace wuƙa da nama daga hannun mai wa'azi. Maganar Allah ce ke zaɓarsa, ba shi ke zaɓarta ba.

Kuskure na biyu: an bi jadawali, an manta da jama'a

Wannan ya fi damuna, domin kamar biyayya yake. Shekarar 2024 ta Markus ce, kuma a cikinta ana karanta Yohanna 6 Lahadi biyar a jere, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta. Ku tuna wane lokaci ne wannan a wurinmu: rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, shinkafar fadama tana cikin ruwa, manomi na kallon Kogin Kwara da fargaba saboda ambaliyar 2020 ba ta fita a ransa ba. A ranar 1 ga Agustan nan ne kuma aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a Nijeriya. Allah ya ajiye wa mayunwata babin gurasa a tsakiyar watan yunwa.

Me aka yi da shi? Wani ɗalibi ya fassara bayanin da aka rubuta a ƙasar Turai, ya tsawata wa jama'a kada su damu da abinci mai lalacewa. A gabansa kuwa akwai matan da ba su ɗora tukunya da safen nan ba. Bai yi ƙarya ba, ayar tana nan. Amma ya tsallake matakin farko. Kafin Yesu ya yi maganar gurasar rai, sai da ya zaunar da mutane ya ciyar da su suka ƙoshi, da gurasar sha'ir, abincin talaka, daga hannun wani yaro. Wani mai wa'azin kuma ya karkata ɗaya gefen: ka kawo ɗan abin da ke hannunka, za a ninka maka. Shi kuma ya manta cewa da taron ya so naɗa Yesu sarki saboda abinci, janyewa ya yi, a ƙarshen babin ma da yawa suka daina binsa.

Lahadi biyar ɗin nan tsani ne, ba a hawansa da tsalle. Makon farko: Yesu ya ga yunwar ciki, ya kuma tambayi almajirai inda za a samo abinci, to, mu wa ke kwana da yunwa a cikinmu, mudu nawa za mu iya tarawa? Sai a makonni na gaba a kai jama'a ga yunwar da tuwo ba ya kashewa, a ƙare da tambayar ko su ma za su tafi.

Jadawali ya san bakin iyaka

Wanda ya karanta da idon mutumin Bagudo zai yi mamaki. A Lahadi ta uku ta jiran zuwan Almasihu, shekarar Luka, Yohanna Mai Baftisma yana gaya wa masu karɓar haraji da sojoji kada su karɓi fiye da ƙa'ida, albashinsu ya ishe su. A majami'un bakin iyaka, ma'aikacin kwastan da ɗan kasuwar da ke ratsa daji da kaya sukan zauna benci ɗaya. Wane fasto zai zaɓi wannan aya da kansa? Amma idan jadawali ya kawo ta, ba wanda zai ce da shi ake.

Bayan Kirsimeti, a shekarar Matiyu, Yusufu yana ƙetare iyaka da dare da mace da jariri zuwa Masar. Waɗanda rufe iyaka na 2019 ya raba da danginsu na Segbana ba sa bukatar dogon bayani. Ranar Fentikos kuma, a ce an karanta Ayyukan Manzanni 2 da Hausa kaɗai, alhali a ɗakin akwai masu jin Dandanci, Zabarmanci, Fulatanci da Faransanci, ai an yi asarar rabin wa'azin. A ba kowa aya ɗaya ya karanta da harshen uwarsa.

Iyakar jadawali

Jadawali ba Nassi ba ne, mutane ne suka tsara shi. Yakan tsallake ayoyi masu zafi, musamman Zaburan kuka da neman sakayya, waɗanda mutanen da aka kora daga gonakinsu suke bukata. Idan an kai hari ƙauye ranar Juma'a, ba laifi ba ne a ajiye jadawali ranar Lahadi. Amma a ajiye shi saboda raunin tumaki, ba saboda makiyayi bai yi shiri ba.

Abin yi

Ɗan'uwa, karanta ayoyin Lahadi tun ranar Litinin. Ka tafi da su kasuwa, gona da gidan makoki. Sai ranar Alhamis ka buɗe littafin bayani. Kafin ka hau bagadi, tambayi kanka: wane wata muke, me ke cikin rumbu, wa zai zauna a gabana?

Don nazari: ɗauki Yohanna 6, ka tsara jigogi biyar domin ikilisiyarka, ka nuna abin da dattawa za su aikata bayan wa'azin farko.